Duwatsun Tsakar Gidan Baiwa

Kalilu mutumin Gulma ne, amma Argungu ta fi saninsa. Da noman shinkafa ya tashi, kamar kowa a gidansu. Da ruwa ya cinye musu fadama damina biyu a jere, sai ya tafi Birnin Kebbi cin rani, ya shiga cikin leburorin da ke gina gidajen ma'aikata, lokacin Jihar Sakkwato tana sabuwa. Can ya koyi shimfiɗa dutse a tsakar gida: a haƙe ƙasa, a zuba yashin gulbi, a daddaɓe, a jera falalen duwatsu, a cike tsakaninsu da jar ƙasa. Ya dawo da guduma da igiya da wani katako mai ɗigon ruwa a ciki, na gwada ko wuri ya daidaita. A tsumma yake naɗe shi, ba ya ba da aronsa.

Aikin da ake tuna shi da shi na gidan Baiwa ne, wata dattijuwa a Argungu mai sana'ar shinkafar gumi. Idonta ya dushe, ga shi damina ɗaya santsi ya kayar da ita kusa da rijiya. Ɗanta Sahabi, malamin makaranta a Birnin Kebbi, ya ce ta tattara ta koma wurinsa. Ta ce gidan da aka kawo ta tana amarya, daga shi sai kushewa. Bayan doguwar magana suka tsaya a kan a gyara tsakar gidan, amma in ta sake faɗuwa, ba sauran musu.

Kalilu ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Jakuna suka yi ta jigilar dutse daga tudu. Ya sare saiwar da ta ratsa tsakar gidan, ya cike kowane rami, ya aza katakonsa nan, ya aza can. Kwana goma sha biyu, wuri ya zama sumul. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo.

Kwana uku da gama aikin, Baiwa ta fito ɗaki da ƙwarya za ta madafa, sai ga ta a bakin rijiya. Maƙwabciyarta Kulu ce ta riƙo zanenta. Labari ya kai Birnin Kebbi, Sahabi ya aiko cewa ranar Juma'a zai zo da mota.

Kalilu ya zo ya durƙusa gabanta. Ba ta yi masa faɗa ba.

"Aikinka ya yi kyau, ɗan Gulma," in ji ta. "Na ƙi zuwa Birnin Kebbi, kai kuma ka kawo min ita har ƙofar ɗaki."

Ta gaya masa shekara arba'in ƙafarta ke bin gidan nan. In ta taka saiwa, ta san madafa na hannun dama. In ta ji ɗan kwarin da turmi ya ci, ta san taku biyar ya rage ta kai rijiya. Yanzu ko'ina ɗaya ne.

Kalilu ya tuɓe takalmansa, ya ɗaure idanunsa da rawani, ya ce zai tafi madafa. Da rumbu ya yi karo. Baiwa ta ji ƙarar, ta yi dariya har da tari.

"Sannu, gwani. Rumbun bai ji ciwo ba ko?"

Ran nan ya soma tone abin da ya shimfiɗa. Tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana faɗa masa inda komai yake a da, shi kuwa yana bi. Hanyar madafa ya jera mata tsakuwar gulbi masu santsi. Rijiya ya kewaye ta da marmara mai kaushi, ya ɗaga bakinta. Inda turmi yake ya bar ɗan kwari, ko da yake ya san ruwa zai kwanta a ciki. Katakonsa bai fito daga tsumma ba.

Sahabi ya iso Juma'a da hantsi, ya ga tsakar gida ta koma tudu da kwari, ransa ya ɓaci. Kafin ya buɗe baki, uwarsa ta miƙe ba takalmi, ta bi tsakuwa har madafa, ta ɗauko buta, ta tsaya daidai inda marmara ta fara, ta cika ta a randar da ke gefen rijiya, ta kawo masa.

"Ga ruwa, Malam. Ka wanke ƙafa, ka sha hanya."

Da la'asar motar ta koma da buhun shinkafa a kujerar baya.

Damina tara Baiwa ta ƙara a gidanta. Duk shekara in ruwan farko ya sauka, Kalilu kan zo ya ɗaga duwatsun da suka nutse, ya ƙara yashi, ya mayar da kowane yadda yake, ya ci tuwon shinkafa da miyar kifi ya tafi. Tana sa masa albarka, shi kuwa yakan ce shi ne da godiya.

Tun daga nan, duk gidan da aka kira shi aiki, kafin ya sa diga sai ya tambayi wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ya tuɓe takalmi, su zaga tare. In aka tambaye shi inda ya koyi sana'a, yakan ce guduma dai a Birnin Kebbi ya saye ta.