Saƙon da ban kai ɗakin iri ba

Ni ne mai laifi, kuma da wannan nake son in fara, domin waɗanda suka zo ofishinmu daga baya sukan ji labarin a karkace, har wasu na cewa kwamfuta ce ta lalace. Ba abin da ya sami kwamfuta. Ranar da manoman Kaoje suka koma gida hannu banza tana nan a raina har yau, kuma ni na jawo ta.

Ofishin namu a Bagudo yake, na wani shiri ne na tallafa wa manoman shinkafa. A shekarun da aka fara cika ofisoshi da kwamfuta ina mataki na bakwai, mataimakin jami'in kwamfuta, amma da yake babu jami'in, ni ne komai. Karatuna bai yi nisa ba. Na gama sakandare, na yi ɗan kwas a Birnin Kabi, sauran kuma hannu ne ya koya mini.

Ga wanda bai san aikin ba, akwai babbar kwamfuta guda da muke kira saba, a cikinta bayanan manoma suke. Kowace kwamfuta da ke kan tebur tana da 'yar manhaja da take magana da sabar ta cikin wayar da ta haɗa su. Idan hedikwata ta sabunta abin da ke saba, dole a sabunta 'yar manhajar a kowane tebur, in ba haka ba, bayan ɗan lokaci sabar za ta daina amsa mata. Wannan sabuntawa ita ce aikina. Sai in sa filas, ɗan abin da ake kwafar manhaja a ciki, a aljihu, in bi ɗaki ɗaki, wani lokaci in kwashe kusan mako ban gama ba.

Ina son wannan zagaye fiye da yadda na sani. Duk ɗakin da na shiga sai a tashi a ba ni kujera. Amma babu kamar ɗakin rabon iri, inda Baba Manu yake shugaba. Dattijo ne Bafulatani daga Zagga, kullum da ƙwaryar fura a ƙarƙashin teburinsa. Shi ya raɗa mini Injiniya, kuma in ina aiki sai ya hana kowa magana, kamar ana duba marar lafiya.

Ana haka aka turo mana Malama Rabi daga hedikwata a matsayin jami'ar kwamfuta, mataki na tara, da sharaɗin a ga kamun ludayinta kafin a tabbatar mata da kujerar. Mace ce mai kunya, tana kirana Malam Ummaru, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Bayan ta ga zagayena sau ɗaya, sai ta rubuta wasu 'yan umarni ta ajiye a saba. Da zarar mutum ya kunna kwamfutarsa ya shiga da sunansa, kwamfutar za ta tambayi sabar ko akwai sabon abu, in akwai ta ɗauko ta sa wa kanta.

Ranar da ta gwada a gaban Oga, shugaban ofis, kafin shayinsa ya huce an gama. Ya juyo yana dariya ya ce, "Ashe Ummaru yawon shan fura yake yi muna duk shekarun ga." Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma daga ranar na fara jin haushi duk lokacin da aka ambaci sunanta. In na ji masinja yana cewa a kira Malama, sai in ji kamar an ɗauke mini takalmi a ƙofar masallaci. Na riƙa zama a ɗakina ina sauraren takun mutane suna wuce ƙofata zuwa tata.

Akwai wata doka da ni na kafa tun kafin zuwanta. Wata damina tsawa ta ƙone mana kaya, don haka na ce kowa ya zare wayar saba in zai tashi, da safe kuma ya kunna kwamfuta tukuna, sai ta natsu ya mayar da wayar. Mutane sun riƙe wannan doka ƙam. Malama Rabi ta gano cewa ita ce ke hana tsarinta aiki, domin a daidai lokacin da kwamfuta ke neman sabar, wayar na ƙasa. Ba ta rushe dokar a gaban mutane ba. Ta zo ɗakina ta tsaya daga bakin ƙofa, ta roƙe ni in zagaya in gaya wa kowa ya riƙa sa waya kafin ya kunna, ta ce maganata aka fi ji.

Na zagaya, na gaya wa kowa, ban da ɗakin iri. Na shiga, Baba Manu ya miƙo mini fura, na sha, na fito ban ce komai ba. Abin da nake so shi ne a bar mini ɗaki guda da za a ci gaba da kirana. Da Malama ta duba saba ta ga kwamfutocin ɗakin iri ba su karɓi sabuwar manhaja ba, ta tambaye ni, na ce mata na sa musu da hannu. Ta yarda. Bisa wannan magana tawa ta rufe wa tsohuwar manhaja hanya kamar yadda hedikwata ta umarta, ta tafi taro Birnin Kabi.

A shekarar ruwa ya ci gonaki a Kaoje. Da ya fara ja da baya, aka sanar da manoma su zo su karɓi irin da ke nuna da wuri, su sake shuka kafin laima ta ƙare. Suka zo washegarin tafiyar Malama, wasu sun fara da kwalekwale kafin su sami mota. Dokar shirin kuwa ita ce ba a fitar da buhu sai saba ta tabbatar da sunan mai karɓa. Baba Manu ya kunna kwamfuta, ya sa waya, saba ta ƙi amsawa.

Da aka aiko a kira Injiniya, wallahi daɗi na ji. Na tafi da filas ɗina ina taku ɗai-ɗai. Sai da na zauna na tuna cewa manhajar da ke cikinsa tsohuwa ce, sabuwar tana cikin saba kaɗai. Na san maganin sarai. A kashe kwamfuta, a bar waya a jiki, a sake kunnawa, shi ke nan. Amma in na yi haka a gaban Baba Manu da yaransa na ofis, kowa zai ga aikin Malama ne ya cece mu, kuma za a tambayi dalilin da ba a gaya wa ɗakin iri ba. Sai na riƙa buɗe wannan ina rufe wancan, ina girgiza kai, ina cewa sabon tsarin nan ya rikita komai. An nemi Malama a wayar salula, wayar na kashe, tana cikin ɗakin taro.

Muna nan har azahar, lokacin da ake kashe janareta saboda man da aka ƙayyade mana. Manoma suka yi salla a gindin bishiya suka fara watsewa. Wani tsoho ya leƙo ta taga ya ce da ni in huta haka nan, ya ga na sha wahala dominsu, Allah ya saka mini. Na kasa ɗaga kai.

Da Malama ta dawo, Oga ya tara mu. Ya ce zai sanar da hedikwata su janye ta, a koma yadda ake yi da hannu, tunda ba a taɓa mayar da manomi gida ba lokacin Ummaru. Abin da na daɗe ina so ke nan, amma da na ji shi ban ji daɗi ba. Na jira ta ce ni na gaya mata an sa da hannu. Ba ta faɗa ba. Ta ce laifinta ne da ba ta je ta duba da idonta ba. Bayan an tashi ta biyo ni, idanunta sun yi ja, ta ce, "Malam Ummaru, don Allah ka nuna mini abin da ka sa musu, in ga inda nawa ya ci karo da shi. Ko an mayar da ni, kada in bar muku matsala."

Ku matasa da kuke wannan aiki yanzu, ku sani cewa ranar da aikinmu ya fi kyau ita ce ranar da ba wanda ya neme mu. Wanda ya saba a tashi a ba shi kujera, wannan rana za ta yi masa zafi, kuma zafin nan na iya sa shi ya cuci mutanen da bai taɓa gani ba. Daga baya an sake kiran manoman Kaoje, da yawa sun dawo, amma wasu sun riga sun shuka abin da suka samu, wasu kuma ƙasarsu ta bushe. Wannan ba ni da yadda zan gyara shi.

A ranar da Malama ta yi mini wancan roƙo, na ce mata ta biyo ni, na roƙi Oga shi ma ya zo. A ɗakin iri na kashe kwamfutar Baba Manu, na bar waya a jiki, na kunna. Muna tsaye ta ɗauko sabuwar manhaja ta sa wa kanta, saba ta amsa. Baba Manu ya dube ni ya ce, "Injiniya, mi ka yi mata yau da ba ka yi ba rannan?" Na gaya musu komai, tun daga saƙon da ban kawo ba. Oga ya ce maganar janye Malama ta mutu, tawa kuma za mu yi ta a ofishinsa.

Kafin ya fita na juya wajenta na ce, "Malama Rabi, aikinki ba ya da aibu. Hassada na yi miki, na yi miki ƙarya, kuma na zauna ina kallo ana shirin korar ki a kan laifina. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don Allah ki yafe mini."