Maɗugu da Motar Hajiya Kubra

Maɗugu mutumin Maraɗi ne, amma a Jibiya ya tsufa. Ya shigo garin yana saurayi, a saman wata babbar mota mai ɗauke da wake, bai sake komawa gida ba sai ziyara. Ya yi yaron mota, ya zama direba, ya ƙarar da ƙarfinsa yana jigilar gero da masara tsakanin Jibiya da Maraɗi, wani lokaci har Kano. Ma'aikatan kwastan na wannan ɓangare da 'yan duwan na wancan duk sun san shi. Bai taɓa kifar da mota ba, bai kuma bari kowa ya manta da haka ba.

Gwiwarsa ta hagu ce ta sauke shi daga babbar mota. Ta kumbura, ta ƙi taka kuloci, asibiti da masu ɗori duk suka gwada suka bari. A lokacin ne Hajiya Khadijatul Kubra, 'yar kasuwar hatsi da ya daɗe yana ɗaukar wa kaya, ta kira shi ta ba shi makullin motar da mijinta ya mutu ya bari. Tsohuwar mota ce ƙirar Jamus, baƙa, doguwa, mai kujerun fata, irin wadda ke canza giya da kanta. Ba ta da kuloci. Ƙafar dama kaɗai take buƙata, ita kuwa ke gare shi. Da wannan motar yake ciyar da gidansa, kuma ya san in ba ita ba, babu mai ba tsoho mai ɗingishi sitiyari a garin da samari ke neman aiki a kowace tasha.

Ya riƙe ta da kyau. Yana wanke ta kafin ya karya kumallo, ba ya barin kowa ya ci gyaɗa a ciki. Da man fetur ya yi tsada, Hajiya ta riƙa yabonsa a gaban abokan kasuwancinta, tana cewa man da ke kai direbobinsu Katsina shi ke kai Maɗugu ya dawo da shi. Shi kuwa ya ɗaure fuska kamar ba da shi ake ba, alhali yana jin kowace kalma.

Sai motar ta fara ciwo. Da safe in ya sa ta a giya sai ta yi shiru kamar tana tunani, sannan ta zabura. A kan hanya inji ya yi ta kuka, gudun bai ƙaru ba. Wata ranar Lahadi, a tsakiyar kasuwar Jibiya, ta ƙi komawa baya sam, sai da 'yan dako suka tura ta, Hajiya na zaune a ciki.

Ɗanta Abdulfatah, mai aikin gwamnati a Katsina, ya zo ya ce a sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe, a sayi ƙarama, a ɗauki direba matashi, Baba Maɗugu ya huta. Ba da mugunta ya faɗa ba, amma hutun da yake nufi yunwa ce. Hajiya ta ce a kai wa Dauda. In Dauda ya ce za ta gyaru ta ɗore, za ta biya sau ɗaya. In ta sake lalacewa, maganar Abdulfatah za a bi.

Dauda bakanike ne mutumin Zonkwa, wanda ya biyo matarsa da aka turo aikin jinya Jibiya, ya buɗe gareji a hanyar Magama. Ba ya aiki ranar Lahadi, duk da ita ce ranar ciniki, kuma ba ya kwance abu kafin ya duba shi.

"Injiniya, ga 'yar gatan nan na kawo maka," in ji Maɗugu. "Sabon mai kawai za ka zuba mata. Ni na san ciwonta."

"To Baba, tunda ka sani, me ya kawo ka? Ga sifana can."

Dauda ya tayar da inji, ya bar shi ya ɗumama, ya zaro sandar gwada man giya ya shafa a farin ƙyalle. Man da ya kamata ya fito ja ya fito baƙi. Ya miƙa wa Maɗugu.

"Shinshina."

"Ƙauri. Kamar tuwo ya kama tukunya."

"Ba mai ba ne ya tsufa, Baba. Abin da ke ciki ne ya ƙone."

Ya shiga ƙarƙashi ya kwance kwanon da ke gindin giyar. A ciki akwai baƙin laka, maganaɗisun da ke manne a kwanon kuwa ya yi gashi da garin ƙarfe. Ya duba ko ruwan lagireto ya shiga man, bai shiga ba. Ya duba ko tana yoyo, ba ta yi. Ya fito yana goge hannu, fuskarsa ba daɗi.

"Giyar nan ta mutu, sai a sa wata. Amma ban ga abin da ya kashe ta ba. Ta yi kama da wadda aka ja da igiya tafiya mai nisa. An taɓa jan ta?"

"Motar da ni ke tuƙi? Wa zai ja ta?"

"Na dai tambaya."

Neman wata giyar kuwa, nan Maɗugu ya nuna shi ɗan gari ne. Dauda ya kwafe lambar da ke jikin tsohuwar, suka tsallaka Maraɗi tare. Maɗugu ya wuce shagunan bakin titi bai ko waiwaya ba, ya kai shi lungun wani tsohon abokinsa, Abdu, mai sayen motocin da suka yi haɗari yana sayar da kayansu. Akwai giya biyu. Wadda aka wanke tana sheƙi, Dauda ya ƙi ta, ya ce mai wanke giya kafin ya sayar akwai abin da yake ɓoyewa. Ya zaɓi mai datti, wadda ke jikin motar da aka daka ta baya, lambarta ta dace, manta kuma ja ne. A kan iyaka Maɗugu ya yi gaishe-gaishensa, aka biya abin da ake biya, suka wuce.

Sa ta ya ɗauke su kwanaki. Dauda ya wanke bututun da man ke bi ya huce, don kada dattin tsohuwa ya shiga sabuwa, ya canza matata, ya cika tukunyar da ke tsakanin inji da giya da mai kafin ya ɗora. Maɗugu na zaune a benci yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da aka gama, motar ta shiga giya ba gardama, ta koma baya kamar ba ta taɓa ƙi ba.

"Kai za ka tuƙa, Baba," in ji Dauda. "Ni zan zauna in saurara."

Suka kama hanyar Katsina. Giya na canzawa lafiya, Maɗugu na ta murmushi. Da suka iso wani dogon gangare mai sauka zuwa gada, sai ya tura sandar giya firi, ya murɗa makulli ya kashe inji. Motar ta ci gaba da sulalawa shiru, yana ta labarin farashin wake.

"Baba, me ka yi yanzu?"

"Mi na yi?"

"Ka kashe mota."

"Gangare ne. Wa ke ƙona mai a gangare? Haka maigidana ya koya mini tun ina yaron mota, haka duk direban kirki ke yi."

"Tayar da ita ka tsaya a gefe."

Suka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Dauda bai ɗaga murya ba. Ya ce a babbar mota mai kuloci, ƙafafu na juyawa giya na watsa wa kanta mai. Wannan kuwa inji ne ke juya famfon da ke tura man. In inji ya mutu ƙafafu na gudu, cikin giyar na juyawa a bushe. Ya ƙara da cewa birkinta ma da inji yake samun ƙarfi.

"Tun yaushe kake yi mata haka?"

Maɗugu ya dubi titi. "Tun da mai ya hau. Kowane gangare, zuwa da dawowa."

"To ga igiyar da nake nema. Ni ba zan kai ƙararka ba. Amma Hajiya za ta tambaye ni ko za ta ɗore, kuma in ta tambayi abin da ya kashe ta farko, ba zan ce tsufa ba ne."

"Ba sai ta tambaye ka ba."

Maɗugu na da girman kai, amma bai taɓa barin wani ya faɗi maganarsa a bayansa ba. Da la'asar ya sami Hajiya a rumfar ƙofar gidanta ana auna mata dawa, Abdulfatah na gefe. Ya ajiye makulli a kan tabarma, ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, bai rage ba, bai kuma roƙi komai ba.

"Kin ji ko, Hajiya," in ji Abdulfatah.

"Na ji, da kunnena a wurin." Ta juya ga Maɗugu. "Wato duk yabon da nake yi maka a kasuwa, motata kake soyawa."

"Manki nike tattali, Hajiya."

"Ka tattala. Dauda ya ce in ka bari za ta ɗore?"

"Ya ce za ta kai ni inda ƙarfina ya ƙare."

Hajiya ta kalli mai awo. Sannan ta ce wa ɗanta, yaron da zai kawo mata, in ya ƙona mota cewa zai yi tsufa ne, ita kuma ta yarda, don ba ta san cikin mota ba. Ta tura makullin da yatsa zuwa wajen Maɗugu.

"Ɗauki. Zan ƙara kuɗin mai. Ni ma ina cikin motar kake kashe ta, ban taɓa tambaya ba. Daga yau in na ji ta yi shiru a gangare, a nan za ka sauka."

Bai sake kashe ta ba. Yana dai gunaguni duk sanda suka gangara, yana cewa ana zubar da mai a banza, Hajiya ta yi kamar ba ta ji ba. Yanzu in ya ajiye ta a kasuwa, yakan taka zuwa tasha ya tare direbobin da suka sayi motoci marasa kuloci, ya yi musu bayanin famfo da bushewar giya, yana yi musu faɗa kan jahilcin kashe inji a gangare. Ba ya ambaton Dauda. Dauda ya ji labari, ya ce a bar shi, aikin ƙonanniyar giya dama ba daɗi gare shi ba.