Robar Hannun Alƙali

Faɗana na farko da ƙanin mijina a kan shanya ne. Matar da ke saman benenmu ta sheƙo ruwan wanke-wanke a kan zannuwana, na ɗaga kai ina faɗa mata abin da ya sawwaƙa, sai ga shi ya shigo, wai zai raba mu. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce ita ta yi laifi da ta zuba, ni ma na yi laifi da na shanya. Na ce, "To a ina zan shanya, a kan sanƙonka?" Ya ce, "Yaya, ai adalci ke nan." Tun ranar nake kiransa Alƙali, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka yabo ne.

Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga, a wani shago da in ya shiga sai an fito da kujera. A aiki bai taɓa cutar kowa ba, wannan zan shaide shi ko a gaban wa. Fankar da ya gyara sai ta ga jikokinka. Amma da ƙarshen mako ya zo sai ya sa riga mai ratsi-ratsi, ya rataya usur, ya nufi ɗakin wasa na unguwa yana alƙalancin ƙwallon kwando. Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne, wai tun da ya fara ba a taɓa rako shi gida da jifa ba.

Ni na san dalili, don autana Dogo yana cikin masu farar riga, ina zuwa kallo. Akwai wata robar ɗaure kaya da Alƙali ke sawa a wuyan hannu. In ya hura wa wancan ɓangare laifi, sai ya mayar da ita hannun dama. Daga nan idonsa ya dawo kan wannan ɓangaren, ko tari mutum ya yi sai an ji usur, roba ta koma hagu. Haka ake tashi kowa ya sha daidai, kowa na gunaguni, ba mai bakin cewa shi aka fi cuta. Na taɓa yi masa magana, ya ce, "Yaya, ke kin san dokar wasa ne?" Na ce ban sani ba, amma na san wanda ya ture da wanda aka ture.

A bara gwiwar Dogo ta ƙi, likita ya ce ya ƙarasa wannan kakar ya haƙura. Yaron nan ya tsufa a ƙarƙashin kwando bai taɓa ɗaga kofi ba. Sai ga ƙungiyarsu ta kai wasan kusa da na ƙarshe, irin na kifa ɗaya kwala, wanda ya faɗi ya tafi gida. Wa za a ba usur? Mutumin da ba a taɓa jifa ba mana.

Wasa ya kusa tashi, ana kankankan da masu jar riga. Dogo na da laifi huɗu, a wasan nan kuwa na biyar waje ake korarka. Wani ƙaton jajaye da ake ce wa Katako ya taho da ƙwallo kamar an kunto sa. Dogo ya tsaya cak, hannuwa a sama, ko yatsa bai motsa ba. Katako ya bi ta kansa, ya baje shi a ƙasa. Duk ɗakin ana kallon Dogo, ni hannun Alƙali nake kallo. Roba tana dama. Bai daɗe da hura wa jajaye ba, layi ya zo kan namu.

Ya hura, ya nuna ɗan wansa da ke kwance yana riƙe da gwiwa. Dogo ya fita yana ɗingishi, ya zauna a benci ya ga an cinye su. Alƙali kuwa ya koma gida lafiya lau, ko ɓawon lemo ba a jefa masa ba.

Dogo bai zage shi ba. Ya dai daina gaishe shi, kuma da fankarsa ta lalace, ya ɗauke ta ya wuce ta gaban shagon ya kai wa wani.

Wannan ne ya ci wa Alƙali rai. Ya zo ya same ni ina tsintar shinkafa, ya zauna a bakin ƙofa yana murza hula.

"Yaya, ki sa baki. Yaron nan a hannuna ya girma. Na san akwai nawa laifin, amma shi ma da ya ɗan matsa gefe..."

Na ajiye faranti. Abin da na faɗa masa bai yi masa daɗi ba, don har yau bai sake tako gidan nan ba.

Na ce, "Alƙali, ni ban iya rabo ba. Wannan laifin naka ne ɗungurungum, ba a gutsura wa kowa. Ka ɗauke shi da ƙafarka ka kai wa Dogo, ka ce ka ga abin da ya faru da idonka. In ya yi maka nauyi, ka ci gaba da zama a shagonka kana kallon fankoki suna wucewa."