Turken Bakin Teku

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ajiyar kayan awo na sashen labarin ƙasa, ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, wanda ko mai shara takan manta da shi. Ɗalibai Baba Sanda suke kiransa, saboda sandar nan mai ja da fari da yake riƙewa a tsaye idan ana awo.

Duk shekara aikinsa goge ƙura ne da naɗe igiyar awo. Amma idan makon fita ya zo, sai ya zama mutum. Kwana uku ana cikin gari. A zaunar da wasu a mahaɗar titi su ƙirga motoci, a tura wasu gida-gida da takardar tambayoyi, matan gida suna leƙowa suna tambaya ko rabon wani abu za a yi. Shi ya san gidan da ke da kare, da tsohuwar da kan ƙara wa kanta 'ya'ya duk shekara. Malamai da digirinsu sai sun tambaye shi ta ina za a bi.

Sauran kwanakin a gaɓar teku ake yin su, wani fili fetal, ba itace ba gini, ko'ina kamar ko'ina. A bakin ciyawa akwai turken ƙarfe. Daga jikinsa ake jan igiya zuwa bakin ruwa kowace shekara, don a ga ko teku na cin ƙasa. Tsohon malamin da ya kafa shi Ƙara-Auna ake ce masa a bayan idonsa, don ko mala'ika ne ya kawo masa awo sai ya ce ya koma ya sake. Shi ya ɗauki Baba aiki. Da rana sukan zauna a inuwar mota su sha shayi a murfin filas ɗaya, yara suna can suna faɗa da iska a kan takardunsu. Har yau idan Baba ya ji warin gishiri a jikin tsohuwar igiya, wannan inuwar yake tunawa.

A shekararsa ta goma sha biyu a aikin ya riga kowa isa gaɓar, kamar yadda ya saba, ya tarar ruwa ya tone gindin turken ya kwantar da shi. Malam ya sha faɗa cewa ranar da turke ya tafi an gama da wannan gaɓa, sai a koma duba taswira a aji. Baba ya ciro ƙarfen, ya yi taku ashirin baya, ya sake kafa shi a sabon bakin ciyawa, ya share sawunsa da ƙafa. Awo ya fito kusan daidai da na bara. Malam ya gyara tabarau ya ce wannan gaɓa tana da taurin kai irin nasa.

Sau uku ya yi haka Malam na raye, yana gaya wa kansa don tsohon ya yi, kada zuciyarsa ta karye. Bayan Malam ya rasu ya ƙara matsar da turken sau ɗaya. Wannan kam ya rasa wanda zai ɗora wa.

Saura wata biyu ya yi ritaya, har an fara maganar walimar da za a yi masa, Malama ta shigo ɗakinsa. Ita ce shugabar sashen yanzu, amma ya san ta tun tana ɗaliba, ranar da ta zo gaɓa da takalmi mai tsini ta koma da shi a hannu. Ta ce hukumar gari za ta gina makarantar yara a bayan ciyawar nan, sun nemi awon sashen don su tabbatar ƙasar ba ta motsi, ranar Alhamis ita za ta sa hannu a rahoton. Abu ɗaya ya dame ta: hotunan sama da ta duba sun nuna gaɓar ta ja baya sosai.

"Amma na fi yarda da hannunka, Baba, a kan na'ura," ta ce. "Na'ura ba ta taɓa shan rana a wurin nan ba."

Ya ce haka ne, ya ci gaba da naɗe igiyar da ya riga ya naɗe.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa komai. Ba ta yi mamakin da ya zata ba. Ta ce ita dama ta san ba don Malam yake zuwa aski da gugar kaya duk makon fita ba, kamar ango. Da ya ce wata biyu ne kawai ya rage ya fita da mutuncinsa, sai ta ce to ya riƙe mutuncin da kyau, ya ga ko zai tare ruwa da shi.

Ranar Laraba ya roƙi Malama ta kai shi gaɓa lokacin da ruwa ya janye. Da suka isa ya tuɓe takalmi, ya ɗauki sandarsa, ya tsaya a jikin turken ya fuskanci teku, ya fara taku yana ƙirgawa a fili. Talatin, ya tsaya ya faɗi shekarar da turken yake a nan. Ashirin da biyar, ya faɗi wata. A sha takwas ruwa ya kai masa gwiwa. A ashirin na ƙarshe ya kai ƙirji. Nan ya soka sandar, ya juyo.

"A nan Malam ya kafa shi," ya ce. "Ni na matsar."

Malama ta ce dole rahoton ya faɗi wanda ya yi, kuma ba ta san me za a ce game da walimar ba. Ya gyaɗa kai, igiyar ruwa tana tura shi yana gyara tsayuwa.

Ta ɗaura bakin igiyar awo a turken, ta taho tana warware ta. Mita hamsin ce igiyar. Ta ƙare a hannunta ruwa na lasar ƙafarta, shi kuwa yana can gaba.

"Kada ka motsa," ta ce, ta juya ta nufi mota ɗauko igiya ta biyu.