Babban Yatsan Baba

Ranar Asabar da safe ina suyar ƙosai a gidanmu na Greensboro, 'yata Rifkatu ta shigo kicin da aikin makaranta. Wai su rubuta ko yarjejeniyar da aka kori 'yan ƙabilar Cherokee da ita daga ƙasarsu halattacciya ce. Mutane ƙalilan ne suka sa hannu, ba da yawun jama'arsu ba. Na kashe wuta. Na san irin takardar nan.

Mu a ƙauyenmu na can gida, wata ranar Talata tamu takardar ta zo mana. Ƙarfe shida aka kaɗa ƙararrawar coci. Mama na surfen acca, ni ina dama kunu. Baba na zaune a gindin mangwaro yana jiran kunun, ƙafarsa a kumbure, ba ya iya taka ta.

Bakwai da rabi muka ji rurin katafila daga wajen rafi. Bayanta motoci biyu cike da 'yan daba. Wani mai hular kwano ya ɗaga takarda sama.

"Ku fita! Dattawanku sun sa hannu!"

Dattawan wa? Ashe mutum uku ne suka lallaɓa birni, har da Kawu Bitrus ƙanen Mama, suka sallama wa masu haƙar ma'adinai ƙauyen. Babu wanda ya aike su. Tir!

Baba ya ce a nuna masa. Ga sunansa, shi ne na huɗu, ga dangwalen babban yatsan dama baƙi ƙirin. Baba ya ɗaga hannunsa na dama. Injin niƙa ya cinye yatsan nan tun ina goye. Mai hular ya duba, ya kwashe da dariya.

Takwas saura kwata aka yi harbin farko. Awaki suka watse. Aka cinna wa rumbuna wuta, ƙaurin acca ya cika gari.

Na kama hannun Baba, ya fizge, ya daka mana tsawa.

"Na ce ku gudu!"

Muka bi ta cikin dawa, muka haye rafi, ruwa iya ƙugu. Sai da muka hau dutse na waiwaya. Katafilar ta riga ta kai gindin mangwaron. Ƙarfe biyu muka isa wata makarantar firamare.

Kawu Bitrus na nan da ransa, har ya yi rufin kwano.

Rifkatu ta ce, "To Mama, me zan rubuta?"

Na ce ta fara cin ƙosanta tukuna.

Mu bakwai muka tashi a gidanmu na ƙauye ranar Talatar nan. A makarantar firamaren nan, mahaifiyata ta ƙirga mu sau uku. Shida. Kunun ma ban kai wa Baba ba.