Kan burtun mahaifina da farautar da ban je ba

Malam edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni magidanci ne mai sauran ƙarfi a jika, ina aikin sauke kwalaye a wani babban sito na ƴan sari a Aubervilliers, a gefen Paris, ina zaune da iyalina a wani dogon bene a Saint-Denis. Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram na fito, gidanmu gidan maharba ne tun kakanni. Karatuna na allo ne, sai ɗan lakwal, wato boko, da na taɓa na bari, shi ya sa faransancina na baki ne kawai, na kasuwa da jirgin metro. Abin taƙamata a zaman Paris guda ɗaya ne, ni ɗan maharbi ne. A ƙasan akwatina akwai kan burtun mahaifina, wanda shi ma ya gada daga nasa uban. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa kai kamar burtu yana kiwo, har ya shiga tsakiyar zabin daji ko barewa ba su tashi ba. A gidanmu ba a miƙa wannan kai a cikin gari. Uba ne ke ɗaura wa ɗansa shi da hannunsa a cikin daji, ranar da suka fita farauta tare.

Ɗana na fari a nan aka haife shi. Kun san yadda muka taso da kunyar ɗan fari, ba na kiran sunansa, ba na wasa da shi, ko magana zan yi masa sai in bi ta bakin uwarsa. Amma duk ranar Lahadi da abokaina suka taru shan shayi, ina ba su labarin daji, zan gan shi raɓe a bakin ƙofar falo yana saurare. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya tambaye ni ko zan bar shi ya gwada kan burtun. Na ce masa, ba tare da na dube shi ba, wannan abu sai a daji. Ya ce to yaushe za mu je dajin. Na ce idan ya girma. Ni na faɗa ne don ya bar ni in ci gaba da hirata, shi kuwa ashe ya ajiye maganar a ransa.

Ya girma, ya yi karatu, ya samu aiki a Lyon. Ba mu sani ba ashe can ya je ya zauna jarrabawa ya karɓi permi, wato takardar izinin farauta, yana bin abokan aikinsa zuwa ƙauyuka a ƙarshen mako. Da wata Babbar Sallah ya zo gida, bayan an ci nama, abokaina na zaune, sai ya durƙusa gefena ya ce Baba, na girma, kuma na samo dajin. Ya yi mini bayani dalla-dalla, da gani ka san ya daɗe yana shiri. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a arewa da Lyon akwai wata ƙasa mai tafkuna da yawa, akwai wani tsohon maharbi Bature da ke yi wa baƙi jagora a filinsa. Idan na yarda, zan yi ɗan horo na riƙe bindiga kawai, babu jarrabawa, sai in fita a gefen tsohon, bindiga ɗaya a tsakaninmu. Ta biyu kuma dajin gwamnati ne, inda mutum zai shiga da ƙafarsa ya nemi abinsa, amma wannan sai da permi nawa na kaina, kuma sai na amsa tambayoyi da faransanci. Ya ce shi a ganinsa ta farko ta fi mana sauƙi, ya riga ya yi magana da tsohon.

Da mu biyu ne a ɗakin, wataƙila da na ce to. Amma idanun abokaina na kaina, mutanen da na shekara ina gaya musu yadda na bi sawun barewa tun ina yaro. Sai na yi dariya na tambaye shi ko ni ne Bature zai riƙe wa hannu a daji kamar makaho. Na ce na ji labarin irin wannan farauta, tsuntsaye ne ake kiwo a keji a sake su da safe, wannan ai yankan kaji ne da bindiga. Wani abokina ɗan Chadi, mai barkwanci, ya ce Alhaji ka yi hankali, tsuntsayen ƙasar nan takardunsu sun fi namu cika, kana harbin ɗaya lauyansa zai iso. Kowa ya fashe da dariya, har da ɗan nawa, amma na ga yadda ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. Ya ce ba duka ba ne na keji, agwagin ruwan da ke sauka a tafkunan daga nesa suke zuwa, wasu ma sukan wuce har ƙasarmu. Na katse shi na ce dajin gwamnati za mu shiga, ni da bindigata, ko kuwa a bari. Ya ce to Baba, yadda ka ce.

Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, jarrabawar nan tsoro take ba ni fiye da zaki. Uwarsa ta gane tun a ranar. Ta same ni ta ce Malam, ka gaya wa yaron nan gaskiya, ɗanka ne ba surukinka ba. Na ce mata ba ta san sha'anin maza ba. Yaron ya yi mini rajistar jarrabawar, ranar da aka sa na shirya na shiga jirgi har ƙofar wurin. Na tsaya ina kallon samari da ƴan mata suna shiga suna hira, na tuna yadda zan zauna baƙaƙe suna yi mini rawa a ido, sai na juya na koma tasha. Da ya kira, na ce an ɗage. Daga nan uzuri ya yi ta bin uzuri. Wata shekara azumi, wata shekara tafiya gida, wata kuma gwiwa. Duk lokacin da ganyen bishiyoyi ya fara ja yana zuba, sai ya kira ya gaishe ni, ya tambayi jiki da aiki da mutanen gida, a ƙarshe ya ce Baba an buɗe farauta. Ni kuma in ce baɗi in Allah ya kai mu.

Akwai ranar da ba ta barin raina. Na je Lyon duba shi, da safe ya ce in zo ya zaga da ni in ga gari. Muka fita da mota, gidaje suka ƙare, muka shiga wata ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ruwa nan ruwa can, hazo kwance a kan tafkuna. Ya tsaya a bakin wata hanyar ƙasa ya kashe mota. A kujerar baya na ga sababbin takalman daji daidai ƙafata da riga mai launin lemo irin wadda maharban nan ke sawa. Ya buɗe ƙofar gefena, sai iska ta shigo da ƙanshin laka da ruɓaɓɓen ganye, kuma a daidai lokacin wani garken agwagi ya tashi daga ruwa. Wallahi ƙarar fukafukan nan har cikin ƙirjina na ji ta, na ga kaina a bayan mahaifina a bakin tafkin garinmu. Tsohon Baturen ya fito daga wata bukka da karensa, ya cire hula ya gaishe ni, ya ce ɗana ya cika masa kunne da labarin maharbin da ke zama tsuntsu, shi yana so ya gani da idonsa kafin ya mutu. Ɗana ya durƙusa a bakin ƙofar motar, gwiwarsa cikin laka, ya ce Baba ba sai an yi harbi ba, mu taka kawai zuwa waccan bishiyar mu dawo. Bishiyar ba ta da nisa, ina ganin ta sarai. Ƙafata har ta motsa. Sai na tuna dariyar ranar Sallah da abin da abokaina za su ce idan suka ji, na ce masa ya rufe ƙofa sanyi na shigowa. Ya rufe. A hanyar komawa Lyon ya tambaye ni ko zafin motar ya ishe ni.

Bayan wannan bai ƙara tayar da maganar ba. Ba da daɗewa ba aikinsa ya kai shi Amurka, ya tafi da matarsa. Ni kuma na bar aiki, idanuna suka fara ciwo. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma kamar ina leƙe ta cikin hayaƙi. Mutumin da ya ƙi a riƙe masa hannu a daji, yau matarsa ce ke riƙe masa hannu ya tsallaka titi zuwa masallaci.

A bazarar bara ya kira ni, muka gaisa, sai ya ce in sa shi a addu'a zai yi tafiya wata jaha mai nisa da tasu, farautar talo-talon daji. Ya ce ba irin na gida ba ne, wannan yana tashi sama ya kwana a bishiya, ga ido ga kunne, motsi kaɗan ya gudu. Maharbi yakan jingina da gindin itace tun da asuba, ya kafa gunkin macen talo-talo a gabansa, ya yi ta kwaikwayon kukanta har namijin ya taho yana baza wutsiya. Ina ji ina cewa a raina, wannan ai aikin gidanmu ne. Ya ce ya daɗe yana shawara tsakanin dajin gwamnati da ɗaukar jagora, don shi baƙo ne a jahar, bai san ƙasar ba, kuma izinin baƙo daban yake. Na tambaye shi wanne ya zaɓa. Ya ce jagora, saboda tare da wani dattijo maƙwabcinsa za su je, wanda ya koya masa kiran tsuntsun, ƙafafunsa sun yi rauni, jagoran zai kai su kusa da mota. Ya ce dattijon ya ce shi ko a goye ne a kai shi, in dai zai ji kukan talo-talo da asuba. Ba da wata manufa ya faɗa ba, na san muryar ɗana. Kuma bai ce in zo ba.

A nan ne bakina ya buɗe. Na ce masa ba a taɓa ɗage jarrabawar nan ba, ni ne na juya daga ƙofa don ba na iya karanta tambayoyin. Ya ce Baba, ai na sani. Ya ce tun yana ƙaramin lakwal shi ke karanta mini duk abin da aka turo gidan, yaya za a yi bai sani ba. Ya ce saboda haka ne ya yi ta yawo ƙauye ƙauye har ya samo tsohon Baturen nan, don kada in zauna gaban kowace tambaya. Na tambayi labarin tsohon, ya ce ya rasu, an sayar da filin. Ban iya ƙarasa wayar ba, na miƙa wa uwarsa.

Da ya zo hutu bana, na sa aka ciro akwatin. Na kira shi da sunansa, abin da ban taɓa yi ba, har uwarsa ta leƙo daga kicin ta ga ko lafiya. Ya durƙusa a kan kafet, na ɗaura masa kan burtun a goshi a cikin falo, motoci na wucewa a ƙasa. Ban ga yadda ya zauna masa ba, da yatsu na laluba, na ji fatar ta bushe ta tsage, na ji kuma furfura ta fara yi masa kaushi a gefen kunne. Ya ce in nuna masa tafiyar. Na yunƙura zan duƙa, gwiwa ta ƙi, sai da baki na yi ta kwatantawa, shi kuma yana zagaya tebur yana tambayata ko haka ne. Na ce haka ne, alhali ban gani ba.

Abin da na koya shi ne, na tsare al'adar gidanmu har na kashe ta da hannuna. An ce sai a daji, aka kawo ni bakin daji, na ƙi sauka don kada a ce an yi mini jagora. Abokan da na ji kunyarsu, wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda ya tuna da wannan hira sai ni. Ina roƙon ƴan'uwana iyaye, musamman mu da muka tsufa a ƙasar wasu, idan ɗanka ya shirya maka wani abu ya zo ya durƙusa, kada ka duba fuskar abokanka, duba tasa. Idan akwai abin da ba ka iya ba ka faɗa masa, wataƙila ya riga ka sani, har ya gyara maka hanya. Kada kuma ka ce baɗi, don ido da gwiwa ba su yi maka alkawari ba. Ni yanzu duk lokacin da sanyi ya fara shigowa, nakan sa a buɗe mini taga in zauna. Abubuwa da yawa sun ɓace mini, amma bishiyar nan ta bakin tafki har yau ina ganin ta sarai, kuma ba ta da nisa.