Matar da Ta Ce a Nuna Mata Ƙwayoyin

Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarfe bakwai na safe take isowa ofishinmu na binciken lafiya. Ta ɗauki takardun tambayoyi, ta gwada batirin rikoda, ta fita. Aikinta tattara bayanai gida-gida. Sunanta bai taɓa hawa bangon rahoto ba. Mu Anti muke ce mata, direbobi kuwa Sai-an-zauna, don ba ta yi wa mutum tambaya a tsaye.

Bara muka yi binciken hawan jini a tsakanin tsofaffi. Alƙaluma suka fito tas: tara cikin goma suna karɓar magani kuma sun ce suna sha, amma jini ya ƙi sauka. Manya suka yanke cewa maganin ya yi rauni, a ninka wa kowa. Saura mako biyu a sa hannu.

Anti ta ɗaga hannu daga bayan ɗakin taro. "Ranka ya daɗe, wa ya ga sun sha?"

"Takarda ta ce sun sha," in ji shugaban bincike.

"Ai ni na cike takardar. Abin da aka faɗa min na rubuta, ban leƙa bakin kowa ba."

Aka yi dariya, aka ba ta kwana biyar ta je ta duba, don dai a rabu da ita.

Direban da ya kai ta ne ya ba ni labari. A gida na uku ta zauna da wata tsohuwa, suka sha hirar ciwon gwiwa da rashin jin jikoki kusan awa guda. Sannan ta ce, "Iya, nuna min maganin naki mana." Tsohuwa ta janyo gwangwani daga ƙarƙashin gado, cike fal.

"Wannan ba nawa ba ne, 'yar nan. Nawa fari ne. Jan nan na wani suka ba ni."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In kunyata mai ba da maganin? Ɗan mutane, har kujera yake ba ni!"

Ashe kamfanin da ke kawo magani aka sauya, launin ƙwaya ya canza, ba wanda ya yi wa kowa bayani.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne, da suka dawo na sami Anti na ce mu ruga mu faɗa wa shugaba, sai ta harare ni. "Da labarin tsohuwa ɗaya? Ɗan nan, gyara takardarka mu koma mu ƙirga." Gida ɗari uku aka shiga ana ƙirga ƙwayoyi. Huɗu cikin goma ba sa sha. Da an ninka, masu sha ne za su riƙa zubewa da jiri, marasa sha kuma gwangwani ya ƙara cika. Aka fasa. Yanzu mai ba da magani sai ya buɗe kwali, ya nuna, ya yi bayani.

Anti, ke ce kika koya mana cewa lamba tana faɗin mutum nawa, amma sai baki ya faɗi dalili, kuma ba ki yarda ɗaya ya tafi babu ɗaya ba. Uwar masu sauraro! Wata mai zuwa za ki ajiye aiki, ban san wa zai ɗaga hannu daga bayan ɗakin nan ba.

Mu kuma masu digiri, mu ji kunya. Har yaushe za mu zauna a ƙarƙashin fanka muna rubuta "jahilci" a kan mutanen da ba mu taɓa cire takalmi a ƙofarsu ba? Mu fita. Mu ƙirga, mu saurara, mu sake ƙirgawa.

Mun gode, Anti, Allah ya saka miki. Tsohuwar nan jininta ya sauka. Ta ce a gaishe ki, wai jan ma ba laifi.